Inshorar Motarka Ta Ƙare Ba Ka Sani Ba: Matakan Da Za Ka Bi

Cikin masu mota goma a ƙasar nan, da wuya ka samu wanda zai faɗa maka da ka ranar da inshorarsa za ta ƙare. Takarda ce da ake haɗo wa mutum da sauran takardun mota, ya naɗe su a leda ya cusa a aljihun gaban mota, ba zai sake waiwayarsu ba sai ranar da ɗan sanda ya ce a fito da su. A nan ne mutum zai ga ashe wata biyu ke nan yana yawo babu inshora. Ba ganganci ya yi ba, mantuwa ce, ko kuma wanda ya ba kuɗin sabuntawa ne bai kai ba.

A da ana ɗaukar wannan ƙaramin abu. Tun daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025, lokacin da rundunar 'yan sanda ta fara tilasta dokar inshorar tad-fati, wato wadda ke biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani, a duk faɗin Nijeriya, lissafin ya canza. Hukuncin da aka yi ta sanarwa a lokacin, bisa dokar inshora ta 2003, shi ne tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ko a haɗa duka biyun. Sabuwar dokar gyara harkar inshora da aka sa wa hannu a 2025 ta maye gurbin waccan, kuma ba ta ɗauke wannan wajibci daga kan mai mota ba. Amma a ganina tarar ita ce mai sauƙin. Babbar matsalar ita ce inshora ba ta komawa baya. Duk abin da motarka ta yi wa wani a kwanakin da babu kariya, daga aljihunka zai fito, kuma babu kuɗin da za ka biya yau ya rufe jiya. Matakan da ke ƙasa duk a kan wannan aka gina su.

Mataki na farko: ajiye motar

Daga lokacin da ka gane, kada ta sake hawa titi sai an gyara. Ba kai yara makaranta, ba “bari in ɗan leƙa kasuwa in dawo”, ba ma tuƙa ta zuwa ofishin kamfanin inshorar. Hau Keke Napep. Idan direba gare ka, ko ɗanka ko ƙaninka na ɗaukar motar, karɓi makullin ka gaya musu dalili, domin doka tana kama wanda ya tuƙa, tana kuma kama wanda ya bari a tuƙa.

Sabunta tad-fati ba aikin mako guda ba ne, a yini ɗaya ake gamawa, sau da yawa ma daga waya. Haƙurin yini ɗaya ne kawai.

Mataki na biyu: tabbatar da abin da ya faru

Ɗauko takardar shaidar inshorar ka karanta ta a natse. Abu huɗu za ka duba: ranar farawa, ranar ƙarewa, lambar motar, da sunan kamfanin. Daga nan ka duba rumbun bayanan kamfanonin inshora, wato NIID, wanda ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya ke kula da shi. Ana shiga ta askniid.org, ko a danna *565*11# a waya, a sa lambar mota. Shi ne inda jami'an kan hanya ke dubawa, don haka abin da ya nuna ya fi takardar hannunka ƙarfi a bakin shinge.

Ɗaya daga cikin abu uku za ka gani. Ko dai rumbun ya nuna inshorar ta ƙare a ranar da takardar ta ce, wato mantuwa ce tsantsa, ka wuce mataki na huɗu. Ko ya nuna tana nan da ranta, wataƙila wani a gida ko a ofis ya sabunta bai ba ka sabuwar takarda ba, ka kira kamfanin su turo maka, magana ta ƙare. Ko kuma ya nuna bai san motarka ba sam, alhali takardar hannunka ta ce saura wata shida. Wannan na ukun shi ne mai tayar da hankali, kuma ya fi yadda mutane ke zato yawa.

Mataki na uku: gano ta inda giɓin ya shigo

In ba mantuwa ce tsantsa ba, kada ka tsallake wannan, domin dalilin giɓin ne zai nuna maka wanda za ka bi da kuma ko kana da haƙƙi.

Dalili na farko shi ne takardar bogi. Ka ba wani da ke tsaye a bakin ofishin lasisi kuɗi ya sabunta maka takardu gaba ɗaya, ya kawo maka lasisin mota na gaske, ya haɗa da takardar inshora mai kyan tambari wadda a shagon kwamfuta aka buga ta. Alamar farko ita ce farashi. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙayyade kuɗin tad-fati tun daga 1 ga Janairu, 2023: naira 15,000 a shekara ga motar gida, 5,000 ga Keke Napep, 3,000 ga babur, 100,000 ga manyan motocin dakon kaya. Kafin nan motar gida 5,000 ce. Duk wanda ya yi maka inshorar motar gida a kan dubu uku ko dubu biyar bayan wannan rana, takarda ya sayar maka, ba inshora ba. Wasu takardun ma sunan wata ƙungiyar gama-kai ko wani kamfanin da ba shi da lasisin NAICOM ke jikinsu. Idan haka abin yake, sai ka haɗiye gaskiyar: ba ƙarewa ta yi ba, tun asali ba ka da ita.

Na biyu, ka biya amma kuɗin bai isa kamfani ba. Ƙa'idar harkar inshora a Nijeriya ita ce sai an biya kuɗi kariya ke farawa, ba a yin ta bashi. A nan akwai bambanci tsakanin dillalin inshora mai rajista da wani ɗan aike da ka sani a unguwa. Dokar 2003 ta ɗauki kuɗin da aka biya dillali mai rajista tamkar an biya kamfanin ne. Saboda haka in ta hannun irin wannan dillali ka biya kuma kana da rasit ko shaidar turawa ta banki, kada ka yi saurin yarda cewa ba ka da inshora. Rubuta wa kamfanin da dillalin takarda, ka haɗa da kwafin shaidar, ka nemi amsa a rubuce. In sun yi ta ja maka rai, NAICOM na da sashen karɓar ƙorafi. Wanda kuwa ya danƙa wa yaron gareji kuɗi hannu da hannu, tsakaninsa da yaron ne.

Na uku, kuskuren rubutu. Lamba ɗaya ta sauya wajen shigarwa, ko an sa harafin O a gurbin sifili, ko ka canza lambar mota ba ka sanar da kamfani ba. Nan inshorar tana nan, gyara kawai za a yi, kuma bai kamata a ce ka sake biyan kuɗin shekara ba.

Na huɗu ya shafi wanda ya sayi mota ta hannu. Mutane da yawa suna ɗauka inshorar tsohon mai mota tana biyo motar kamar yadda safaya da jak ke biyo ta. Yarjejeniya ce tsakanin kamfani da wancan mutumin, kuma da ya sayar da motar ba ta zama taka haka kawai. Ko da takardar ta nuna saura wata tara, ka yi taka da sunanka.

Akwai kuma masu cikakkiyar inshora da ke biya kashi-kashi. Kashi ɗaya ya wuce, ko katin banki ya ƙare aka kasa cirewa, kariyar ta tsaya a inda kuɗin ya tsaya.

Mataki na huɗu: sabunta, kai tsaye da kamfani

Fara da kamfaninka na da in na gaske ne, domin suna da bayananka. Ka kira lambar da ke shafinsu, ba wadda wani ya turo maka a WhatsApp ba. Ka tanadi lasisin motar, lambar shasi da ta inji, lasisin tuƙi da tsohuwar takarda. Ka biya cikin asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin. Da zarar an ce ka tura asusun wani mutum, tsaya.

Kada ka ɗauka akwai wasu kwanakin rangwame bayan ranar ƙarewa. Mutane kan ji ana maganar haka a inshorar rai sai su zaci ta mota ma haka take. Sai dai in an rubuta maka a yarjejeniyarka, ka ɗauka kariya ta yanke a ranar da takarda ta ce.

Tambayoyin da za ka yi kafin ka ajiye waya su ne: daga wace rana da wane lokaci sabuwar kariyar ta fara, kuma yaushe za ta bayyana a NIID. Da takardar ta iso, ka sake danna *565*11# ka ga motarka da idonka, ka ɗauki hoton abin da ya fito. Sai bayan nan ka tayar da mota.

Mai cikakkiyar inshora yana da ƙarin aiki. Ita ce ke biyan ɓarnar motarka kai kanka, da sata da gobara, kuma NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar, wato motar miliyan takwas naira 400,000 ke nan a ƙalla. Bayan giɓi, kamfani na iya cewa sai ya ga motar ko hotunanta ta kowane ɓangare kafin ya karɓa, don kada a kawo masa tsohuwar ɓarna a matsayin sabuwa. Wannan ba wulaƙanci ba ne, ka ba su haɗin kai. Ka kuma tambayi makomar ragin da ake yi wa wanda ya shekara bai nemi biya ba, domin giɓi mai tsawo na iya cinye shi, kuma in kwanaki kaɗan ne roƙo yana aiki. Sannan ka duba darajar da aka rubuta wa motar. Yadda farashin motoci ya tashi tun 2023, wanda ya bar tsohon adadi zai sha mamaki ranar biya. In kuɗin cikakkiyar bai samu ba yanzu, yi tad-fati yau ka fita daga saɓa doka, ka ɗaga daga baya.

Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, wannan ba hujjar zama babu komai ba ce. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da ke yin na mota. Gudummawa ake tarawa a asusu ɗaya a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa, in an samu rara a raba wa waɗanda ba su nemi biya ba. Takardarsu karɓaɓɓiya ce a kan hanya kamar kowace.

Mataki na biyar: kada ka yarda a mayar maka da kwanan wata baya

Za a yi maka tayin, musamman in an ga hankalinka a tashe. Wani zai ce ƙara dubu biyar a rubuta ta fara tun watan jiya. Ka ƙi. Kwamfutar kamfani tana riƙe da ranar da kuɗi ya shiga da ranar da aka shigar da bayanan, kuma abin da mai binciken kamfani ke fara dubawa ke nan idan aka kawo neman biya kwana biyu bayan an yi inshora. Mantuwa laifi ne da tara za ta iya gamawa da shi. Takardar da aka sauya wa kwanan wata don a karɓi kuɗi zamba ce, kuma za ta iya kai ka inda mantuwar ba za ta kai ka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka nan idan kamfani ya tambaye ka ko wani abu ya sami motar a kwanakin giɓin, faɗi gaskiya ko da gogar gefe ce. Inshora a kan amana take tsayuwa, kuma abin da ka ɓoye yau shi za a kafa hujja da shi a hana ka haƙƙinka gobe.

Mataki na shida: idan hatsari ya riga ya faru a cikin giɓin

Nan ne abin ke da nauyi, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure saboda firgici.

Rai ne farko. In akwai wanda ya ji rauni, a kai shi asibiti, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122 in a babbar hanya ne. Rashin inshora ba dalilin gudu ba ne, gudun ma laifi ne na daban da ya fi shi muni. In ka ga jama'a sun taru kuma ransu ya ɓaci har kana tsoron lafiyarka, wuce ofishin 'yan sanda mafi kusa ka kai kanka, ka faɗi abin da ya faru. Ka ɗauki hotunan motocin da wurin, ka karɓi lambobin waɗanda suka gani.

Sai a zo kan wa ke da laifi. Idan wancan ne ya buge ka, rashin inshorarka bai wanke shi ba. Haƙƙinka a kansa yake, kuma tad-fati ɗinsa don irin wannan aka yi ta: tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan uku in motar gida ce. Ka nemi rahoton 'yan sanda da ƙiyasin gyara daga wurin bakanike da mai gyaran jikin mota, ka kai wa kamfaninsa. Sai dai ka san cewa a wajen binciken za a tambayi taka takardar, kuma za ka amsa naka laifin. Kada tsoron wannan ya sa ka yafe gyaran miliyan biyu.

Idan kai ne mai laifi, abin da kamfani zai biya ya dawo wuyanka. A ɓarnar mota ko katanga ko shago, hanya mafi sauƙi ita ce sulhu, kuma mu a nan mun iya sulhu, abin da ba mu iya ba shi ne rubuta shi. Ku je wurin mai gyara tare, kowa ya ji farashi da kunnensa. In ba ka yarda da ƙiyasin ba, ka nemi na biyu. Ku rubuta abin da aka amince: nawa ne, a kashi nawa, zuwa yaushe, da cewa idan an gama biya magana ta mutu. Ku sa hannu a gaban shaidu, mai unguwa ko shugaban tasha ko wani dattijo da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, kowa ya riƙe kwafi. Ka riƙa biya ta banki. Sulhun baka yakan dawo bayan wata uku da “giyar ma ta fara ƙara tun ranar nan”.

In an rasa rai ko an nakasa mutum, kada ka shiga maganar kai kaɗai. Nemi lauya tun ranar farko, in babu hali akwai Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta ƙasa. Ka tura manyanka su je gaisuwa da jaje, ka ɗauki nauyin asibiti gwargwadon ikonka tun kafin a tambaye ka. Sau da yawa iyalai a ƙasar Hausa suna cewa sun bar wa Allah, amma yafiya kyauta ce daga gare su, ba abin da za ka gina lissafi a kai ba. Diyyar rai a fiƙihu dinari dubu ne na zinariya, kilo huɗu da kwata ke nan, wanda a farashin yau ɗaruruwan miliyoyin naira ne. Ko an yafe wannan, akwai marayu da mai jinya da ba ya iya fita nema. Ka ajiye wannan a gefe guda, ka ajiye naira 15,000 a ɗaya gefen, wadda in ka raba ta a kwanakin shekara ba ta wuce naira 41 da 'yan kwabbai a rana ba.

Kuma ko a wannan halin ka sanar da tsohon kamfaninka a rubuce, musamman in akwai saɓani a kan ko ka biya ko ba ka biya ba. Kamfanoni suna da wa'adin kai rahoto, jinkiri na iya kashe haƙƙin da wataƙila kana da shi.

Mataki na bakwai: in a shinge aka gano

Kada ka yi gardama a kan abin da rumbu ya nuna, kada kuma ka miƙa na goro. Ka ce, “Ranka ya daɗe, ta ƙare ban lura ba,” ka tambayi abin da ƙa'ida ta ce. In tara ce, a rubuta maka ka biya ta hanyar hukuma ka karɓi rasit. In an tsare motar, ka karɓi takardar da ke nuna inda aka kai ta, ka kwashe kayanka masu daraja. Sabuntawa nan take daga waya ba ta goge laifin da ya riga ya auku, amma zuwa gaban jami'i ko alƙali da sabuwar takarda ta gaske ya fi zuwa hannu biyu. Abin da ka ba ɗan shinge a ɓoye kuwa ya wuce da kai shinge ɗaya ne, akwai wani a gaba, kuma har yanzu ba ka da inshora.

Mataki na takwas: sauran waɗanda abin ya shafa

In da bashin banki ko na ƙungiya ka sayi motar, ko Keke ne da kake biya kashi-kashi, duba yarjejeniyarku. Yawanci akwai sharaɗin cewa inshora ba za ta yanke ba, kuma gara su ji daga bakinka tare da sabuwar takarda. Direban Bolt ko Uber ya ɗora sabuwar a manhaja kafin a rufe shi. Wanda ke ɗaukar fasinja ko kaya don kuɗi da inshorar motar gida ya gyara wannan ma yanzu, domin kamfani na iya ƙin biya in an yi amfani da mota a kan abin da ba a rubuta ba.

Masu tsallaka iyaka su lura da katin inshora na ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda tun 2023 kuɗinsa ke cikin na tad-fati. Shi ma yana mutuwa tare da inshorar. Kuma tunda Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, mai zuwa Maraɗi ko Ƙonni ko Damagaram ya tambayi kamfaninsa kafin ya tashi ko takardarsa za ta yi masa aiki a can, kada ya bari sai a Jibiya ko Illela.

Mataki na ƙarshe: toshe ƙofar

Sa ƙararrawa biyu a wayarka, ɗaya wata guda kafin ranar ƙarewa, ɗaya mako guda. Ba kamfani lambar wayar da kake amfani da ita, ba ta wanda ya yi maka takardu ba, domin saƙon tunatarwa can yake tafiya. Ka daina jingina sabuntawa da “bayan Sallah” ko “cikin azumi”, watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ita kuwa takardar da kalandar Bature take lissafi. In lasisin mota da inshora ba rana ɗaya suke ƙarewa ba, rubuta ranakun biyu a ƙaramar takarda ka manna a bayan abin tare rana na gaban direba. Mai motoci da yawa ya ɗora wa mutum ɗaya alhakin, da sunansa.

In ba ka tuna rabonka da buɗe ledar nan ba, tashi ka ɗauko ta yanzu, ka danna *565*11# ka sa lambar motarka kafin ka sake tayar da ita.